Maganar da Na Sa a Bakin Ubanku

Nafisa, ke kika jawo wannan babi, don haka ke za ki fara karanta shi, in ƙanenki Bashiru ya ƙara hankali ki miƙa masa. Niyyata in tsallake shekarun nan. Na riga na rubuta muku yadda na baro Yelu da riga ɗaya na shigo Gaya, na rubuta aurena da kakarku Hajiya, na rubuta tafiyata Makka, na ce daga nan sai in faɗa kan tsufa da ciwon gwiwa in rufe littafi. Sai ga ki ranar nan kin dawo daga lakwal, makarantarku ta boko, hijabi a yage, leɓe a kumbure, wai kin yi dambe da 'yar gidan mai nama don ta ce ubanki ne ke ciyar da mutanen daji. Ban yi miki faɗa ba, don na ji ita ma ba ta koma gida da kyan gani ba. Amma kina tsugune kina wanke fuska, kika ɗago kika jefe ni da tambaya.

"Kaka, in bai yi ba, don mi ya amsa gaban alƙali?"

Na daka miki tsawa, na ce maganar manya ce. Ba wata maganar manya, kunya ce ta kama ni. Duk garin nan abin da aka riƙe ke nan, cewa ubanku da bakinsa ya amsa laifin taimakon 'yan ta'adda, aka yanke masa shekara goma. Kuma gaskiya ne, ya faɗa, ina wurin. Abin da gari bai sani ba, ku ma ba ku sani ba, shi ne wanda ya sa masa maganar a baki. Ni ne.

Sai kun san ko ni wane ne a lokacin kafin ku gane yadda hakan ta faru. Shekara talatin da wani abu ina sarkin tasha. Ba gwamnati ta naɗa ni ba, direbobi ne suka ga ina da baki suka ce in riƙa shiga tsakani. Direba ya take ragon wani a hanyar Bengu, ni za a kira. Kamiyo, babbar motar kaya, ya goge katangar wani, ni. An tsare mutum a duwan, wurin 'yan kwastan, takardunsa ba su cika ba, ni dai. Duk shekarun nan dabarata guda ce, ban taɓa canza ta ba, don ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sai in ja mutum gefe in ce masa, in mun shiga ka cire takalmi, ka tsuguna, kada ka kalli idon babba, kada ka kawo dalili ko kana da shi. Ka ce, na amsa laifina, a yi mini afuwa. Sauran ka bar mini. Yana rufe baki sai ni in miƙe in kama, in tuna wa babba uban yaron da kakansa, in ce ɗanka ne, ka yi masa abin da uba ke yi. Wallahi na ga mutum ya shigo zauren mai gari da sanda yana huci, yana jin kalmar nan jikinsa ya yi sanyi, ya ƙare da cewa ya yafe, har da rako mu bakin ƙofa. Wanda ya tsaya gardama kuwa, ko da gaskiyarsa, shi ke kwana a rufe. A wurinmu, in mutum ya ce ya amsa laifi, ba lalle ya yi ba. Yana nuna ya san girman wanda ke zaune gabansa ne, ya ba shi damar yi masa alheri. Haka na taso na tarar, haka na yi ta yi, har na ɗauka ko'ina a duniya haka ake.

Ubanku ɗana ne na fari, kun san ba na kiran sunansa, ko a takarda hannuna nauyi yake yi. Sahabi. To, na rubuta sau ɗaya, ya isa. Tun yana ƙarami ban taɓa jin ya ce mini a'a ba. Yana aji shida na cire shi daga lakwal na kai shi koyon gashin burodi. Malaminsa ya biyo ni har tasha yana roƙo, wai yaron yana da kai, a bar shi. Na ce a kira shi a tambaye shi. Ya zo ya tsuguna, ya dubi malamin, ya dube ni, ya ce, "Yadda ka ce, Baba." Da wannan nake cika baki a majalisa, ina cewa ni ɗana bai san musu ba. Ya girma ya gina tanderunsa a unguwar bakin gulbi, ya auri uwarku Zalika, masu shayin tasha duk a wurinsa suke ɗauka.

Sai aka rufe gadar kan iyaka. Ke kin yi wayo lokacin, kin ga yadda manyan motoci suka jeru bakin hanya har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. Tasha ta mutu, masu shayi suka kife tukwane, tanderun da ake hura wa wuta kullum ya koma sau biyu a mako. Harka duk ta koma gulbi, mutum da kaya sai a jirgi. Ana cikin haka wani mutum ya ɓullo, ana ce masa Dogo. Sau ɗaya na gan shi. Dogo ne kam, mai sanyin murya, ya gaishe ni har ƙasa, ya tambayi gwiwata. Ya ce yana kai burodi ƙananan kasuwannin da ke can sama da gulbi, wajen daji, inda masunta da makiyaya ke haɗuwa. Kowace Talata buhu shida, Gado mai jirgi ke ɗauka. Ubanku ya zo ya gaya mini, na ce Alhamdu lillahi, Allah ya dube mu. Har na ƙara masa da shawara, na ce ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da fenti a jikin buhunan, yadda 'yan kasuwa ke yi, don kada su ɓace a jirgi wajen dawowa. Ku riƙe wannan ma, shawarata ce.

Aka yi wata bakwai ana haka. Wata Laraba da hantsi ina zaune a rumfar tasha, sai ga uwarku ba takalmi, macen da ba ta taɓa taka wurin ba.

"Baba, jandarma sun tafi da shi. Da ƙullu a hannunsa suka sa shi mota."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ta koma ta ɗora tukunya, kafin azahar zan dawo da shi. Haka na faɗa, da bakin nan nawa. Na sa babbar riga, na sayi goro, na nufi birgad, ofishin jandarma, kamar yadda na saba. Wanda ke bakin ƙofa ya san ni sarai, amma ranar ko hannu bai miƙo mini ba. Ya ce, Alhaji, wannan ba irin taka ba ce, koma gida. Daga baya muka ji abin da ya faru. Sojoji sun faɗa wa wani sansani a daji, mutanen sun tsere, an tarar da tukwane, da bidon esansi, wato jarkokin fetur, da buhu uku masu sunan ubanku da lambarsa ɓaro-ɓaro. An kama Gado ma. Dogo kuwa har yau ba wanda ya sake ganin ƙeyarsa. Bayan kwana huɗu aka wuce da su Yamai, aka ce irin wannan shari'a can kaɗai ake yin ta.

Shekara guda da wata biyar yana tsare kafin a sa rana. Ba zan iya gaya muku yadda kaina ya kasance a watannin nan ba, don ni kaina ban gane ba. Kowa da dokar da zai karanto mini. Wani ya ce ko ashana ka sayar musu ka shiga uku. Wani ya ce a'a, sai in makami ne ko esansi. Wani ya ce ai za a tara su ne a yi musu afuwa in sallah ta zo. Ni kuma in zauna ina tambayar kaina, to mai fulawar da ya sayar wa ubanku fa? Mai itace fa? Ni da na amsa gaisuwar Dogo, har na sa masa albarka, ina matsayina? A ina laifin ya fara, a ina ya tsaya? Majalisar ƙofar gidana da ke cika bayan la'asar ta koma ni da tabarma. Mutanen da na fitar da 'ya'yansu daga hannun hukuma suka koma gaishe ni daga tsallaken hanya. A cikin gida kuwa kakarku ba ta raga mini ba, kun san bakinta.

"Kai da ke fiddo 'ya'yan mutane, naka ne ya gagare ka?"

"Hajiya, a bar ni in yi tunani."

"Wata goma kana tunani. Ni dai a kawo mini ɗana."

Aka haɗa mu da wata lauya a Yamai, kowa Metir yake ce mata. Na yi zaton zan tarar da dattijo mai furfura, sai ga yarinya, ba ta kai uwarku shekaru ba, tana magana tana duba waya. Ta ba ni kujera, ta buɗe takardu, ta yi mini bayani da Hausa mai kyau, ba zan zalunce ta ba.

"Baba, abin da ke hannunsu buhu ne da lambar waya. Sayar da burodi ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ce ya san inda burodin ke zuwa, wannan kuwa su za su tabbatar, ba shi ba. Tun ranar farko ya ce bai sani ba, ya tsaya a kan haka kawai. Wanda ya san abin da yake yi ba ya rubuta lambarsa a buhu."

Na ce, "'Yata, wato ya miƙe gaban alƙalai ya ce musu gwamnati ƙarya take yi?"

"Ya ce bai sani ba, Baba. Ai ba zagi ba ne."

"A wurinku ba zagi ba ne."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Na fito raina a ɓace, ina cewa yarinyar nan za ta hallaka mini ɗa. Ita takarda ta karanta, ni kuwa na zauna gaban manya tun ba a haife ta ba. Alƙali ai mutum ne, yana da zuciya, yana son a girmama shi. Ta yaya za a ce talaka mai gashin burodi ya tsaya tsaye yana ja da mutanen da ke riƙe da rayuwarsa? Haka na yi ta saƙawa, har na gamsar da kaina.

Ana saura kwana biyu a shiga shari'a aka bar ni na gan shi a gidan kaso. Minti goma sha biyar suka ba mu, ƙarfe a tsakaninmu. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, hannuwan nan nasa masu tabon wuta sun yi fari. Na ji hawaye na zuwa, sai na danne su da magana. Ku saurara da kyau, don nan ne wurin. Minti goma sha biyar ɗin nan ni na cinye su duka. Na gaya masa yadda zai cire takalmi, yadda zai tsuguna, da abin da zai faɗa.

"Baba, Metir ta ce..."

"Metir ta haife ka?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya sake ɗagowa.

"Baba, akwai wani abu da nake so in..."

"Ba na son dalili. Dalili ka ajiye shi a cikinka. Ka faɗi abin da na ce, sauran ka bar mini. Na taɓa kai mutum na baro shi?"

"A'a, Baba."

"To?"

"Yadda ka ce, Baba."

Mai gadi ya buga ƙarfe, lokaci ya cika. Na fito ina jin na yi aikin uba.

Ranar shari'a ni da uwarku muka je, kakarku hawan jini ya hana ta tafiya. Babban ɗaki ne, alƙalai uku a sama cikin manyan riguna, komai da Faransanci, sai tafinta ya juya. Aka fara da Gado mai jirgi. Kai, ranar na ji kunya a madadinsa! Ko hula bai cire ba. Ya riƙa ɗaga murya yana nuna alƙalai da yatsa, yana cewa shi ɗan dako ne, ya ɗauki albasa, ya ɗauki awaki, ya ɗauki gawa ma, ba ya tambayar buhu wa zai ci shi. Sau biyu babban alƙalin yana buga tebur. Na raɗa wa uwarku, na ce wannan ya gama da kansa.

Sai aka kira ubanku. Aka karanta doguwar takarda, tafinta ya ce, "Ana tuhumarka da kai wa 'yan ta'adda abinci kana sane. Mi ka ce?" Ya waiwayo yana neman fuskata cikin jama'a. Ya same ni. Na gyaɗa masa kai. Ya zare silifas ɗinsa, ya ajiye gefe, ya tsuguna a kan siminti. Jandarma ya kama kafaɗarsa zai ɗaga shi, ya ƙi.

"Na amsa laifina. A yi mini afuwa."

Metir ta miƙe zumbur har kujerarta ta faɗi. Babban alƙalin, in faɗi gaskiya don Allah, bai yi gaggawa ba. Ya cire tabarau ya dube shi, ya sa tafinta ya sake tambayarsa ko ya fahimci abin da yake faɗa. Ya sake sa a tambaye shi, ƙarara, ko ya san inda burodin ke zuwa. Ubanku ya sake waiwayowa. Ni kuwa da na ga alƙali ya cire tabarau ya sassauta murya, sai na ce Alhamdu lillahi, ya fara sanyi. Na sake gyaɗa kai.

"Na amsa laifina."

Wani na gefe ya rubuta. Na ga alƙalaminsa yana tafiya, ban kawo komai a raina ba. Na gyara babbar rigata, don yanzu layi ya zo kaina, yanzu ne dattijo ke miƙewa ya kama magana. Na ma shirya ta tun a mota, zan fara da cewa ranku ya daɗe, yaron nan ɗanku ne. Na miƙe, na ce, "Salamu alaikum." Jandarma biyu suka taso, ɗaya ya dafa ni ya ce, "Tsoho, zauna." Na ce ni ne ubansa. Ya ce ko kai ne kakansa, nan ba a magana sai an kira ka. Na zauna ina jira a kira ni. Mai ƙarar gwamnati ya yi magana, Metir ta yi doguwar magana, alƙalai suka tashi suka shige. Ba wanda ya kira ni. A lokacin ne na fara ganewa, na ce masa sauran ya bar mini, ga shi babu inda zan sa sauran.

Bayan la'asar suka dawo. Gado, babu hujjar da ta nuna ya sani, an sallame shi. Ubanku, shekara goma. Na ci gaba da kallon bakin tafinta ina jiran ya ce amma. A zauren mai gari kullum akwai amma. An same ka da laifi, amma tunda ka sunkuyar da kai, amma saboda furfurar ubanka. Tafinta ya naɗe takardarsa, alƙalai suka miƙe, aka sa wa ubanku ankwa. Silifas ɗinsa suna nan inda ya ajiye su, uwarku ce ta je ta ɗauko.

A baranda Metir ta tare ni, idonta jawur.

"Wa ya ce masa ya yi haka? Baba, wa ya ce masa? Yau da a gida zai kwana!"

Na kau da kai. Ni, mai bakin tasha. Tana wucewa wani dattijo da ke aiki a gidan shari'ar ya matso ya kama hannuna, ya ce, Alhaji, ka gode wa Allah, na daɗe a ɗakin nan, irin wannan ƙara da bai amsa ba ninkin haka zai sha, amsawar ce ta sa suka sassauta. To ku gaya mini, wa zan gaskata? Ita ta ce na jefa shi, shi ya ce na cece shi. Ga Gado da ya yi rashin kunya, mota ɗaya muka shigo zuwa Gaya, yana cin rake. Shi da ya kai buhunan da hannunsa har inda aka sauke su, yau yana nan bakin gulbi yana tuƙa jirginsa, in ya gan ni ya gaishe ni. Na taɓa tambayarsa inda yake sauke kayan, ya ce, "Inda aka ce in sauke, Alhaji, bakin yashi." Ban ce ya kamata a ɗaure shi ba, Allah ya sani. Na dai kasa gane ma'aunin.

Metir ta ɗaukaka ƙara. A can ubanku ya koma kan maganarsa ta farko, ya ce bai sani ba. Suka tambaye shi, to don me ka amsa a baya? Metir ta riga ta gane komai, ta roƙe shi ya ce ubansa ne ya sa shi, ta ce za ta kira ni in shaida. Ya ƙi. Ya ce ba za a tsayar da ubansa gaban jama'a ana yi masa tambayoyi ba. Bai gaya mini ba, ita ma sai da aka gama ta gaya mini, a waya, a taƙaice. Aka bar hukuncin yadda yake.

Na ɗauka abin ya ƙare ke nan, ashe da saura. Wata rana da rana tsaka ina alwala a tsakar gida, uwarku tana tsince shinkafa, kanta a sunkuye, ta ce tana da magana. Ta ce wata biyu kafin a kama shi, ubanku ya ce wa Dogo ya nemi wani gidan burodi, shi ya daina. Washegari Dogo ya zo ya zauna a dakalin ƙofar gidanku. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya kira ku da sunayenku, Nafisa da Bashiru, alhali ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya faɗi ajin da kowannenku yake, ya faɗi hanyar da kuke bi zuwa lakwal, ya ba ku alewa, ya tashi ya tafi. Talata na zagayowa aka loda buhu shida. Wataƙila kin tuna alewar.

Na ce, "Don mi ya so ya daina?"

"Bai gaya mini ba, Baba."

"Ke kuma don mi ba ki faɗa ba tun tuni?"

"Ya hana ni. Ya ce shi zai gaya maka da kansa."

Butar ta kuɓuce mini. Akwai wani abu da nake so in, haka ubanku ya fara a gidan kaso, na katse shi. Na kira Metir na gaya mata. Ta ce da kotu ta ji wannan, wataƙila ta ce tilasta masa aka yi, ta sake shi ko ta rage sosai. Wataƙila kuma ta ce ai wannan ya nuna ya sani ke nan. Ta ce ita ma ba za ta iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba. Na yi kwanaki ina juya abin. Ya so ya daina don ya gano ko su wane ne? Ko zargi kawai ya yi? Ko kuwa ciniki ne bai yi masa ba, sai zuwan Dogo ya tsorata shi? In ya sani kuma ya ci gaba don kada a taɓa ku, me sunan wannan, laifi ko me? Burodin nan kuma wasu sun ci sun samu ƙarfin zuwa su kashe 'ya'yan mutane, wannan ma ba na mance shi, kada ku ɗauka na mance. Ina sallah ina tunaninsa, har in rasa raka'a nawa na yi.

Bayan sallar da ta wuce na koma wurinsa. Tun a mota na yi wa kaina alkawari zan kama bakina. Na zauna, muka gaisa, ya tambaye ku, ya tambayi uwarsa, ya tambayi ko tanderun ya tsage da damina. Furfura ta fito masa a gemu, ɗan da na ɗauka a hannu. Na ce masa yau ban zo da magana ba, na zo ji ne. Na ce uwar 'ya'yanka ta gaya mini zuwan Dogo. Ya sunkuyar da kai.

"Tsakaninka da Allah, ka san inda burodin nan ke zuwa, ko ba ka sani ba?"

Sannan ya ɗago ya dubi fuskata, irin duban nan da ya yi mini gaban malaminsa, irin wanda ya yi mini gaban alƙalai.

"Wanne kake so in ce, Baba?"

Ba gatse ya yi mini ba, Nafisa. Da gatse ne da na ji daɗi. Tambayata yake da gaske, yana jira in zaɓa masa. Muka zauna haka har mai gadi ya buga ƙarfe. A motar dawowa na yi kuka kamar yaro, wata mata ta Doso ta miƙo mini ruwa tana tambaya ko rasuwa aka yi mini.

To, ga amsar tambayarki, gwargwadon abin da nake da shi. Ko ubanki ya sani ko bai sani ba, ni ban sani ba, kuma na gane ba ta bakina za a taɓa ji ba. Amma kalmar da ya faɗa gaban alƙali ba tasa ba ce, tawa ce. In 'yar gidan mai nama ta sake buɗe baki, kada ki yaga hijabinki a banza, ki ce mata kakana ne ya sa shi, yana nan ƙofar gida a kan tabarma, ta aiko ubanta ya tambaye ni.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ranar da na daka miki tsawa, kin juya kina ƙunƙuni, kin ce ke dai ba ki yarda ba. Kin ɗauka kunnena ya mutu, na ji ki sarai. A da, da na mare ki. Ranar kuwa wallahi daɗi na ji. Na nemo miki takardar ziyara, watan gobe za mu tafi Yamai tare. Ke za ki shiga, ki yi masa tambayar da kika yi mini, ki ba shi lokaci, kada ki cika masa kunne kamar wani tsoho da na sani. Ni zan tsaya a waje in riƙe miki jaka. In ina ciki, fuskata zai duba kafin ya amsa.